Jihohi Biyar a Bakin Manyan Tafkunan Amurka

 Yau Amurka za mu dosa, can tsakiyar ƙasar wajen iyakarta da Kanada, inda wasu manya-manyan tafkuna biyar suke kwance. Abin da zai kai mu kuwa aikin masu ƙidayar jama'a ne. Za mu ga yadda suka ɗauki jihohi biyar maƙwabtan juna suka yi musu ɗaurin goro ɗaya a cikin lissafinsu, da dalilin da ya sa suka zaɓi waɗannan biyar ɗin, da abin da wannan haɗi yake nuna wa mai karatu da wanda yake ɓoye masa.

Mu fara da ita kanta ƙidayar. Kundin tsarin mulkin Amurka ya wajabta a ƙirga mutanen ƙasar duk bayan shekara 10. An yi ta farko a 1790, aka samu mutum kusan miliyan 4, kuma tun daga ranar ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba, ana yaƙi ne ko ana annoba. Ta baya-bayan nan, wato ta 2020, ta ba da mutum miliyan 331 da 'yan kai. To, ƙasa mai jihohi 50, in aka zube wa mutum alƙaluman kowace jiha daban, kansa zai ɗaure kafin ya tsinci komai. Shi ya sa Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta kasa ƙasar gida huɗu: Arewa maso Gabas, da Yamma ta Tsakiya, da Kudu, da Yamma. Waɗannan huɗun kuma ta sake tsaga su zuwa rukunoni tara.

Wanda za mu tsaya a kansa yau ɗaya ne daga cikin taran nan. Sunansa a takardun hukumar Gabashin Arewa ta Tsakiya, kuma jihohinsa su ne Ohio, da Indiana, da Illinois, da Michigan, da Wisconsin. A mafi yawan iyakarsu, Kogin Mississippi ne ya raba shi da ɗan'uwansa na yamma, mai jihohi bakwai irin su Minnesota da Iowa da Kansas. Su biyun in aka haɗa, su ne babban yankin da ake kira Arewa ta Tsakiya har zuwa 1984, lokacin da hukumar ta sauya masa suna zuwa Yamma ta Tsakiya. Akwai wata hukumar tarayya mai lissafin tattalin arziki da ita ma take haɗa waɗannan jihohi biyar, sai dai ita kai tsaye take kiransu yankin Manyan Tafkuna.

Ku riƙe wannan, jama'a, domin shi ne ginshiƙin zancen: wannan rukuni ba shi da gwamna, ba shi da majalisa, ba shi da kasafin kuɗi, ba ya karɓar haraji daga kowa. A kan takarda kawai yake. Amma takardar tana da tasiri, domin da ita ake fitar da adadin marasa aikin yi, da yawan wutar lantarkin da ake sha, da hauhawar farashi, da alƙaluman lafiya. An fara gwada irin wannan haɗe-haɗen jihohi tun ƙidayar 1850. Wani masanin taswira na hukumar mai suna Henry Gannett ya daidaita tsarin a ƙidayar 1880, sannan a ta 1910 rukunoni taran nan suka tsaya da ƙafarsu. Daga 1910 zuwa yau jihohi biyar ɗinmu suna nan tare, ba a cire ko ɗaya ba, ba a ƙara musu kowa ba.

Me ya sa waɗannan biyar? Amsar ta girmi masana'antu, ta girmi mota, ta ma girmi ƙidayar farko. A watan Yulin 1787 majalisar ƙasar ta wancan lokaci ta zartar da doka a kan wani makeken fili da ke arewa da Kogin Ohio, gabas da Mississippi, kudu da tafkunan. Dokar ta ce a fitar da jihohi daga filin, kada su gaza uku, kada su wuce biyar, kuma duk yankin da ya tara 'yantattun mutane dubu 60 yana iya neman zama jiha. Ta kuma haramta bauta a cikinsa, abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa na kudancin Kogin Ohio tun daga tushe. Ohio ta zama jiha a 1803, Indiana a 1816, Illinois a 1818, Michigan a 1837, Wisconsin a 1848. Ke nan masu ƙidaya ba zama suka yi suka ƙirƙiro dangantaka ba. Jihohin uwarsu ɗaya, doka ɗaya ce ta haife su.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi cewa filin nan yana da masu shi. Al'ummomin Shawnee da Miami da Potawatomi da Ojibwe da Odawa suna zaune a wurin tun kafin Turawa su iso. Bayan an ci su da yaƙi a 1794, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta ƙwace musu mafi yawan ƙasar Ohio ta yau. Jagoransu Tecumseh ya yi ƙoƙarin haɗa kansu, aka kashe shi a fagen fama a 1813. A 1838 aka tasa ƙeyar Potawatomi daga Indiana zuwa Kansas, mutane da dama suka rasu a hanya, yawancinsu yara. Duk gonaki da masana'antun da za ku ji na ambata, a kan wannan ƙasa aka kafa su.

Wani abin da ya burge ni a tarihin yankin shi ne yadda kowace jiha ta dage sai ta taɓa ruwa. Layin da dokar 1787 ta shata da an bi shi sau da ƙafa, da Indiana da Illinois sun tashi kusan ba su da gaɓa. Sai Indiana ta nemi a matsa iyakarta arewa da kimanin kilomita 16, ta samu ɗan bakin Tafkin Michigan. Wakilin Illinois a majalisa, Nathaniel Pope, shi ma ya yi ta fafutika a 1818 har aka ja iyakar jiharsa arewa, ta haɗiye wurin da birnin Chicago yake a yau. Ba don haka ba, da Chicago a Wisconsin take. Ohio da Michigan kuwa har dakaru suka fitar a 1835 a kan wani siririn yanki inda birnin Toledo yake, ko da yake ba a yi asarar rai ba. Ohio ta tafi da Toledo, aka rarrashi Michigan da wani daji mai sanyi can arewa a bakin Tafkin Superior. Mutanen Michigan suka ga kamar an cuce su. Ba a yi shekara goma ba aka gano tama da tagulla jibge a ƙarƙashin dajin.

Su tafkunan, sunayensu Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa duk duniya yana cikinsu. In ka tsaya a gaɓa ba ka hango ɗaya ƙetaren, kuma igiyar ruwansu tana kifar da manyan jirage. Amma ruwa kaɗai ba ya gina masana'anta, sai da mutane suka haƙa hanyoyi suka sada shi da kasuwa. A 1825 aka buɗe mashigin Erie, wata hanyar ruwa da aka haƙa mai tsawon fiye da kilomita 580, wadda ta haɗa tafkunan da Kogin Hudson har zuwa birnin New York, kuɗin dakon kaya ya faɗi warwas. A 1848 wani mashigin ya haɗa Chicago da kogunan da ke gangarawa Mississippi. A 1855 aka gina ƙofofin ruwa a Sault Ste. Marie, masu ɗaga jirgi ko sauke shi kimanin mita 6 tsakanin Superior da tafkunan ƙasa. A 1959 kuma aka buɗe hanyar Saint Lawrence, jiragen teku suka fara shigowa har tsakiyar nahiyar.

Ga yadda abin ya haɗu. Narka ƙarfe yana buƙatar abu uku masu nauyin gaske: tama, da kwal, da dutsen farar ƙasa. Tama tana arewa, kewayen Superior. Kwal yana kudu da gabas, a duwatsun Appalachia da kudancin Illinois. Farar ƙasa tana Michigan. Babu hanyar dakon irin wannan kaya da ta kai ruwa araha, saboda haka aka kafa matatun ƙarfe a inda jirgin ruwa mai tama zai haɗu da jirgin ƙasa mai kwal, wato a kudancin gaɓar tafkunan. Birnin Gary na Indiana kacokan kamfanin U.S. Steel ne ya gina shi a 1906 saboda wannan dalili, kuma har gobe Indiana ce kan gaba wajen ƙarfe a Amurka, duk da cewa gaɓarta ba ta kai kilomita 80 ba. Inda ƙarfe ya wadata, sai masu ƙira su biyo baya. A Detroit Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, ya kafa layin harhaɗa mota mai tafiya a 1913, ya kai ladan ma'aikaci dala 5 a rana a 1914. General Motors a Flint aka kafa shi a 1908. Akron ta kama taya, Toledo ta kama gilashi, Milwaukee ta kama injuna. Chicago kuma ta zama mahaɗar jiragen ƙasa da babbar mayanka, tun da aka buɗe karar dabbobinta a 1865. Garin da bai kai mutum dubu 5 ba a ƙidayar 1840, ya haura miliyan ɗaya a ta 1890.

Hannayen da suka yi aikin daga nesa suka zo: Jamusawa, da mutanen Poland da Ireland da Italiya, da Larabawan Lebanon da Siriya da Yaman waɗanda jikokinsu suka cika birnin Dearborn a yau. Sannan ga baƙaƙen fatar Amurka da suka gudo daga wariyar launin fata ta Kudu. Kimanin mutum miliyan 6 ne suka yi wannan ƙaura tsakanin shekarun 1910 da 1970, kuma Chicago da Detroit da Cleveland suna cikin manyan masaukansu.

Yanzu ku ji amfanin barin rukunin yadda yake fiye da shekara ɗari. A ƙidayar 1950 jihohin nan biyar suna da mutum miliyan 30 da ɗoriya, a ƙasa mai miliyan 151. Wato duk Ba'amurke biyar, ɗaya ɗan yankin ne. A 2020 sun kai miliyan 47 da ɗoriya: Illinois miliyan 12.8, Ohio 11.8, Michigan 10, Indiana 6.8, Wisconsin 5.9. Mutane sun ƙaru, amma rabonsu ya koma ɗaya cikin bakwai, domin Kudu da Yamma sun fi su saurin girma nesa ba kusa ba. Wannan kwatanci ya yiwu ne kawai saboda ma'aunin bai canja ba. Da kowane sabon shugaban hukuma yana zuwa ya cire wata jiha ya saka wata, da babu mai iya cewa ga abin da ya faru da yankin.

Kuma lissafin yana da sakamako a siyasa. Majalisar wakilan Amurka kujerunta 435 ne, ana sake raba su ga jihohi bayan kowace ƙidaya. Bayan ta 1950 jihohin nan biyar suna riƙe da 87. Bayan ta 2020 sun koma 62, inda Illinois da Ohio da Michigan kowacce ta sake rasa kujera guda, Texas kuwa ta ƙaru da biyu. Tun da yawan kujerun jiha yana cikin lissafin ƙuri'unta na zaɓen shugaban ƙasa, muryar yankin a can ma ta ragu. Rabon da sunan kowace jiha ake yin sa, amma sai ka jera su biyar ɗin za ka gane cewa iska ɗaya ce take kaɗa su.

To, sai mu juya ɗaya gefen, domin tsarin yana da inda ya gaza, kuma ya kamata mai sauraro ya sani. Ƙa'idar hukumar ita ce ba ta tsaga jiha. Ko ta ɗauke ta gaba ɗaya ko ta bar ta. Jihohin Amurka da suka taɓa tafkunan takwas ne, ba biyar ba. Minnesota, wadda daga tuddanta na Mesabi aka fi haƙo tamar da ta ciyar da matatun tun shekarun 1890, an jefa ta rukunin yamma tare da jihohin alkama. Birnin Duluth na Minnesota da birnin Superior na Wisconsin tashar jirgin ruwa ɗaya suke amfani da ita, gada ce kawai tsakaninsu, amma a littafin ƙidaya rukuninsu daban. Pittsburgh, wadda sunanta ya zama ɗaya da ƙarfe, da Buffalo da ke bakin Erie, suna rukuni guda da birnin New York. Ga kuma Windsor ta Kanada, wadda kogi kawai ya raba ta da Detroit, kayan mota suna ta kai da komo a kan gada kullum, amma ƙidayar Amurka ba ta da hurumin ƙirga ta.

A cikin gida ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ka bar Chicago ka nausa kudu, gonakin masara da waken soya ne iya ganinka. Illinois ce ke kan gaba a waken soya a ƙasar. Wisconsin ta yi suna ne da shanun madara da cuku. Garin Cairo da ke ƙarshen kudancin Illinois ya fi kusa da Memphis ta Kudu fiye da Chicago. Kudu maso gabashin Ohio kuwa ƙasar duwatsu ce da ma'adinan kwal, rayuwarta ta fi kama da ta West Virginia. Duk waɗannan suna cikin abin da ake kira yankin masana'antu na bakin tafki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda jimilla take rufe wahalar mutane. Kun ji yankin ya ƙaru da mutum miliyan 17 cikin shekara 70. Amma a daidai wannan lokaci Detroit ta sauko daga mutum miliyan 1.8 zuwa dubu 639, kuma a 2013 gwamnatin birnin ta je kotu ta ce ba ta iya biyan basussukanta. Cleveland ta sauko daga dubu 914 zuwa dubu 372. Gary ta rasa fiye da rabin mutanenta tun 1960. A Youngstown ta Ohio har yau ana tuna ranar 19 ga Satumban 1977, ranar da aka sanar da rufe wata matatar ƙarfe, mutum kimanin dubu 5 suka wayi gari ba aiki. Injuna sun maye gurbin hannaye, kamfanoni sun koma Kudu da ƙasashen waje, motocin Japan sun shigo kasuwa. Masu hali, galibinsu fararen fata, suka koma sababbin unguwannin bayan gari da harajinsu, alhali an daɗe ana hana baƙar fata sayen gida a can. Shi ya sa Detroit da kewayenta har yanzu suna da mutum sama da miliyan 4, ita kuwa tsakiyar birnin ta zube. A jiha ɗaya da Cleveland, birnin Columbus ya bunƙasa har ya haura dubu 900. In ka haɗa Columbus da Cleveland ka raba biyu, za ka samu wani adadi mai kyau da ba ya bayyana halin ko ɗaya daga cikinsu.

Mu a Najeriya mun san irin wannan. Shiyyoyinmu shida ba sa cikin kundin tsarin mulkin 1999, amma da su ake fitar mana da rahotannin talauci da ilimi da lafiya. In aka ce Arewa maso Yamma kaza ce, an zuba Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara a ma'auni guda, an haɗa ɗan kasuwar Kantin Kwari da manomin shinkafa na Argungu. Adadin yana iya zama gaskiya, sai dai wanda zai yi aiki da shi dole ya tambaya su wa da wa aka haɗa, ya kuma nemi na jiha da na ƙaramar hukuma kafin ya yanke hukunci.

Su ma Amurkawan, da matsalar ruwa ta taso, ba taswirar ƙidaya suka ɗauko ba. Masana'antu sun ƙazantar da ruwan har Kogin Cuyahoga da ke ratsa Cleveland ya kama da wuta a 1969, saboda mai da dattin da ke yawo a kansa. A 1972 Amurka ta yi dokar tsaftace ruwa, ta kuma sa hannu da Kanada a kan yarjejeniyar kare tafkunan. A 2008 jihohi takwas ɗin nan duka, har da Minnesota da Pennsylvania da New York, suka ƙulla yarjejeniyar da ta hana jan ruwan tafkunan zuwa wajen kwarinsu sai bisa tsauraran sharuɗɗa, kuma iyakar da suka bi ita ce inda ruwan sama yake gangarawa. Duk da haka aiki bai ƙare ba. A 2014 gansakuka mai guba, wadda takin gonaki yake ciyarwa, ta hana mutanen Toledo kusan dubu 400 shan ruwan famfo na kwana uku. A shekarar ce kuma aka sauya wa mutanen Flint mashaya don rage kashe kuɗi, dalma ta shiga ruwan da yaransu suke sha, a Michigan, jihar da tafkuna huɗu suka kewaye.

A ganina Hukumar Ƙidaya ta yi daidai da ta ƙi taɓa rukunin nan, duk da giɓin da na lissafa. Ta magance wani ɓangare na giɓin ta wata hanya: tana fitar da alƙaluman kowane gari, da kowace gunduma, har da na unguwanni, kuma gwamnatin tarayya tana da wani tsarin na manyan birane da kewayensu wanda yake tsallake iyakar jiha, inda ake lissafa Gary tare da Chicago, da garuruwan arewacin Kentucky tare da Cincinnati. Duk mai son gani da kyau, kayan aikin suna nan a buɗe kyauta a intanet. Ƙidaya ta gaba a 2030 za a yi ta, kuma a nan ne za a san ko Illinois, wadda tana cikin jihohi uku da suka ragu tsakanin 2010 da 2020, ta tsayar da zubar mutanenta, da kuma kujeru nawa za su rage wa jihohin biyar daga cikin 62 ɗin nan.